Manɗiƙi, muhawara da rabe-raben sani a falsafar Buddha

Ilimin hujja na addinin Buddha, wanda ake kira pramana da harshen Sanskrit, tsema kuma da harshen Tibet, fanni ne da ke bincika yadda mutum yake sanin abu, da yadda za a bambance sanin da za a dogara da shi da wanda zai yaudari mai shi. Ya tattara abubuwa uku wuri ɗaya: manɗiƙi, wato ƙa'idojin kafa dalili, ladubban muhawara, da rarraba nau'o'in sanin da ke aukuwa a zuciyar ɗan Adam. Fannin ya kafu sosai a Indiya tsakanin ƙarni na 5 da na 7 Miladiyya, ya dusashe a can wajejen ƙarni na 13, sannan ya ci gaba da rayuwa a gidajen zuhudu na Tibet da Mongoliya. Tushensa daban ne da na manɗiƙin Aristotle wanda malaman Musulunci suka gada ta hanyar Larabci, duk da cewa akwai wuraren da suka yi kama.

Dalilin da ya sa masu neman kuɓuta daga wahalar duniya suka duƙufa ga irin wannan karatu yana cikin aƙidarsu. A koyarwar Buddha jahilci ne tushen wahala, kuma jahilcin da ake nufi shi ne ɗaukar abu ba yadda yake ba, kamar a ɗauki mai gushewa a matsayin dawwamamme. Tunda cutar kuskuren sani ce, maganinta sani ne ingantacce, don haka ya zama wajibi a san mene ne ke sa sani ya inganta.

Asalinsa a Indiya

Muhawara tsohuwar al'ada ce a Indiya, ta riga wannan fanni da ɗaruruwan shekaru. Sarakuna kan tara malaman addinai daban-daban a fada su kara da juna, kuma kyauta da ɗaukaka suna bin wanda ya yi galaba. Labaran da Xuanzang, malamin Buddha ɗan ƙasar Sin da ya ziyarci Indiya, ya kawo, da na marubutan tarihin Tibet irin su Buton da Taranatha, suna ambaton muhawarorin da wanda aka kayar yake shiga addinin wanda ya kayar da shi tare da almajiransa. Akwai ƙarin gishiri a irin waɗannan labarai, amma suna nuna cewa ba a ɗauki abin da wasa ba.

Daga cikin tsofaffin shaidun muhawara a tsakanin mabiya Buddha su kansu akwai Kathavatthu, littafi da harshen Pali da ake jingina wa Moggaliputta Tissa na zamanin sarki Ashoka, a ƙarni na 3 kafin haihuwar Annabi Isa, ko da yake ana jin an yi ta ƙara masa babi daga baya. Ya ƙunshi mas'aloli sama da 200 da ɗariƙu suka saɓa a kansu, kuma yana bin tsari guda: a sa abokin jayayya ya amince da magana, a nuna masa abin da maganar ta lizimta, sannan a kama shi idan ya ƙi abin da ya lizimta.

Amma mazhabar Nyaya ta Hindu ce ta shahara da tsara ƙa'idojin a rubuce. Tana amfani da hujja mai gaɓa biyar: da'awa, dalili, misali, ɗora misalin a kan abin da ake magana, da kammalawa. Misalin da kowane ɗalibi ya sani shi ne na dutse da hayaƙi: akwai wuta a kan wancan dutsen, saboda akwai hayaƙi, kamar yadda ake gani a madafa. Nyaya ta raba muhawara gida uku, ta neman gaskiya, ta neman galaba, da ta rushe maganar wani ba tare da kafa taka ba, ta kuma lissafa hanyoyi 22 da ake cewa an kayar da mutum. Nagarjuna, malamin addinin Buddha wanda ake kyautata zaton ya rayu a ƙarni na 2 ko na 3, ya soki aikin tun daga tushe da tambayar cewa idan hanyoyin sani ne ke tabbatar da abubuwa, me zai tabbatar da su hanyoyin? Asanga da Vasubandhu, wajejen ƙarni na 4 zuwa na 5, sun ɗauki wata hanya, suka rubuta a kan ƙa'idojin muhawara don amfanin mabiya Buddha.

Dignaga da Dharmakirti

Dignaga, wanda galibi ake sa rayuwarsa tsakanin 480 da 540, shi ake ɗauka uban fannin. Ruwaya ta ce mutumin kudancin Indiya ne, daga kusa da Kanchi. A babban littafinsa, Pramanasamuccaya, ya ce hanyoyin sani biyu ne kawai: tsinkaye kai tsaye, da sani ta hanyar dalili. Hujjarsa ita ce abubuwan da ake sani ma iri biyu ne. Akwai abu ɗaya tilo kamar yadda yake a wannan lokaci, wanda gaɓoɓi ke riska ba tare da suna ko siffantawa ba, akwai kuma jinsin da tunani ke ginawa yana haɗa abubuwa masu kama. Maganar nassi, wadda wasu mazhabobi suka mai da ita hanya mai zaman kanta, Dignaga ya sanya ta ƙarƙashin dalili. Wannan mataki ne mai nauyi ga malamin addini, domin yana nufin ba za a ci muhawara da wanda ba addininku ɗaya ba ta hanyar karanto masa littafinka.

Ya gindaya sharuɗɗa uku ga ingantaccen dalili. Na farko, dalilin ya tabbata a jikin abin da ake magana a kai, wato lallai akwai hayaƙi a kan dutsen. Na biyu, a same shi a wuraren da ke da siffar da ake son tabbatarwa. Na uku, kada a same shi ko kaɗan a wuraren da ba su da ita, kamar tabki. A wani ɗan gajeren rubutu mai suna Hetucakra ya jera yanayi tara da dalili zai iya kasancewa a ciki, ya nuna biyu ne kawai ingantattu, biyu suna tabbatar da kishiyar da'awar, biyar kuma ba sa yanke hukunci. Shi ne kuma ya kawo ra'ayin apoha, cewa sunan jinsi kamar saniya ba ya nuni ga wata hakika ɗaya da ke cikin dukkan shanu, aikinsa kawai ware su daga duk abin da ba saniya ba. Asalin Pramanasamuccaya na Sanskrit bai iso ga mutanen yau cikakke ba. An fi saninsa ta fassarori biyu na Tibet da sharhin Jinendrabuddhi.

Dharmakirti ya zo bayansa. An saba sa shi tsakanin 600 da 660, amma wasu masana na zamani suna ganin ya rayu tun tsakiyar ƙarni na 6. Ana jingina masa littattafai bakwai, mafi girmansu Pramanavarttika, sai Pramanavinishcaya, Nyayabindu, Hetubindu, Vadanyaya da sauransu. Matsalar da ya tarar ita ce: ko sau nawa aka ga hayaƙi tare da wuta, me zai hana gobe a gan shi ba wuta? Amsarsa ita ce yawan gani bai isa ba, sai akwai dangantaka ta ɗabi'a tsakanin dalili da abin da yake nunawa. Daga nan ya taƙaita ingantattun dalilai zuwa iri uku. Akwai dalilin sakamako, kamar hayaƙi ga wuta. Akwai dalilin ɗabi'a, kamar a ce wannan bishiya ce saboda shimshapa ce, tunda shimshapa nau'in bishiya ce. Akwai kuma dalilin rashin gani, kamar a ce babu tulu a nan, domin da yana nan da an gan shi. Na ukun nan yana da tarko, kuma Dharmakirti ya yi taka-tsantsan da shi: rashin ganin abin da dama ba a iya gani ba ya tabbatar da babu shi.

Ma'aunin ingancin sani a wurinsa shi ne rashin yaudara a aikace. Ruwan da aka hango aka je aka sha ya kashe ƙishi, an san shi da gaske. Kawalwalniya ba ta yin wannan aiki. Babi ɗaya na Pramanavarttika ya ƙare ne wajen kafa hujja cewa Buddha abin dogara ne, da kare aƙidar sake haihuwa da gaskiya huɗu da Buddha ya koyar game da wahala, wanda ke nuna cewa manufar addini ba ta taɓa barin fannin ba. A Vadanyaya kuma ya yi watsi da dabarun ruɗa abokin jayayya, ya mai da hanyoyin kaye zuwa biyu: mai da'awa ya kasa kawo abin da zai tabbatar da ita, ko mai suka ya kasa nuna aibi na gaskiya.

Ƙarnoni biyar da suka biyo baya su ne lokacin bunƙasar fannin a manyan makarantun Nalanda da Vikramashila, da kuma a Kashmir. Devendrabuddhi, Dharmottara, Prajnakaragupta, Jnanashrimitra da Ratnakirti sun yi sharhi da ƙari, yayin da malaman Hindu irin su Vachaspati Mishra da Udayana, da Akalanka na addinin Jain, suke mayar da martani. Kowane ɓangare ya ƙaru da ɗaya. Makarantun sun rushe wajejen shekarar 1200. Ana danganta abin da hare-haren sojojin Turkawa da kuma raguwar tallafin sarakuna, kuma masana tarihi sun saɓa a kan nauyin kowanne.

Sin da Japan

Xuanzang, wanda ya yi karatu a Nalanda ya koma Sin a 645, ya fassara ƙananan littattafai biyu na manɗiƙi, aka san fannin da yinming a Sin, inmyo a Japan. Manyan ayyukan Dharmakirti ba su shiga wannan al'ada ba a zamanin da.

Shigarsa Tibet

Shantarakshita da almajirinsa Kamalashila ne suka kai wannan ilimi Tibet a ƙarni na 8, zamanin sarki Trisong Detsen. Ruwayar Tibet ta ce an yi babbar muhawara a gidan zuhudu na Samye wajejen 792 zuwa 794 tsakanin Kamalashila da malamin Sin mai suna Moheyan, a kan ko wayewa tana zuwa ne sannu a hankali ta hanyar nazari, ko a take ta hanyar dakatar da tunani, kuma ɓangaren Indiya ya yi nasara. Wasu takardun Sin sun ba da labarin akasin haka, har ana shakkar ko an taɓa zama gaba da gaba. Ko ma yaya abin ya kasance, ruwayar ta zama hujjar da mutanen Tibet suka riƙe ta fifita nazari.

Ginin gaske ya faru ne a gidan zuhudu na Sangphu, kudu da Lhasa, wanda aka kafa a 1073. Ngok Loden Sherab (1059–1109) ya yi shekaru yana karatu a Kashmir, ya dawo ya fassara tare da gyara fassarar ayyukan Dharmakirti da masu sharhinsa. Bayansa Chapa Chokyi Senge (1109–1169) ya rubuta taƙaitattun littattafai masu tsarin kansu, ba bin nassin Indiya layi-layi ba. Shi al'ada ke jingina wa salon muhawarar Tibet da kuma rabon sani gida bakwai, ko da yake rubuce-rubucen Sangphu da aka gano a baya-bayan nan sun nuna wasu abubuwan sun riga shi, wasu kuma na bayansa ne. Sakya Pandita (1182–1251), wanda ya yi karatu a hannun malamin Kashmir Shakyashribhadra kuma ya iya Sanskrit, ya rubuta Taskar Hujja wajejen 1219, inda ya zargi mutanen Sangphu da ƙirƙiro abin da Dharmakirti bai faɗa ba. Shi ne ya sa Pramanavarttika ya zama littafin da ake koyarwa a gaba da sauran.

Ɗariƙar Geluk ta Tsongkhapa (1357–1419) ta ɗauki littafin da Sakya Pandita ya fifita, amma wajen fahimtarsa ta fi karkata ga Chapa. Almajiransa Gyaltsab da Khedrup sun rubuta sharhohin da ake karantawa har yau. Manyan makarantunta uku da ke kewayen Lhasa, Ganden (1409), Drepung (1416) da Sera (1419), sun mai da muhawara ƙashin bayan karatunsu. A da, kowace shekara da hunturu ɗalibai sukan taru a wani wuri da ake kira Jang don muhawara a kan Pramanavarttika kaɗai.

Tsarin karatu

Ɗalibi yana farawa da ƙananan littattafai iri uku: dudra, tarin darussan share fage, lorig, rabe-raben sani, da tarig, rabe-raben dalili. Na Purbuchok Jampa Gyatso (1825–1901), malamin Dalai Lama na 13, suna cikin waɗanda suka fi yaɗuwa. Daga nan sai manyan fannoni biyar: ilimin hujja, cikar hikima, falsafar tsaka-tsaki, Abhidharma (nazarin rabe-raben abubuwa da halayen zuciya), da dokokin zuhudu. Karatun kan ɗauki shekara goma sha biyar zuwa ashirin ko fiye, ya ƙare da digirin geshe, wanda mafi girman matakinsa shi ne lharampa. Hadda da safe, darasi a gaban malami, muhawara a fili da yamma har dare: haka ranar ɗalibi take.

Yadda ake muhawara

Mai karewa yana zaune, mai tambaya yana tsaye a kansa da carbi. Ana buɗewa da furta harafin dhih na Manjushri, ɗaya daga cikin waɗanda mabiya Buddha ke girmamawa, wanda suke ɗauka alamar hikima. Duk lokacin da mai tambaya ya jefa magana sai ya miƙa hannun hagu, ya tafa shi da na dama, ya buga ƙafa a ƙasa. Malamai suna ba wa waɗannan motsi fassarori iri-iri, mafi shahara ita ce haɗuwar hikima da aiki.

Abin da ya bambanta wannan muhawara da gardama shi ne an ƙuntata wa mai karewa amsa. Idan aka ce masa abu kaza ya zama kaza saboda kaza, ba shi da damar yin jawabi. Ko dai ya ce na yarda, ko ya ce dalilin bai tabbata ba, ko ya ce dalilin bai lizimta hakan ba. Idan kuma da'awa ce babu dalili, ya ce don me. Darasin farko na dudra a kan launi yake, kuma misalinsa sananne ne. Wani ya ce duk abin da yake launi ja ne. Sai a ce masa: ɗauki launin farin ƙahon kodi na ibada, ashe ja ne, tunda launi ne. Ba zai iya cewa ba launi ba ne, ba zai iya janye lizimcin da ya riga ya amince da shi ba, kuma ba zai iya yarda cewa fari ja ne ba. A nan mai tambaya yakan zagaya carbi a kan abokinsa yana ambaton da'ira uku, wato hanyoyi ukun nan da suka toshe masa, ko ya buga bayan hannu a tafi yana shelar cewa magana ta ƙare.

Ana kuma horar da ɗalibai su auna kowane abu biyu da ɗayan dangantaka huɗu: ma'anarsu ɗaya, ko ba sa haɗuwa sam, ko ɗaya ya ƙunshi ɗaya, ko sun haɗu a wani wuri sun rabu a wani. Tulu da abu mai gushewa, alal misali, na ukun ne, domin kowane tulu mai gushewa ne amma ba kowane mai gushewa ne tulu ba. Aikin yana kama da wasan yara a farko, amma da shi ake shiga mas'alolin da suka fi kowanne wuya daga baya.

Rabe-raben sani

Littattafan lorig suna bayyana sani da abin da yake bayyananne kuma mai riska. Rabo mafi tsufa shi ne na gida shida: sanin ido, kunne, hanci, harshe, jiki, da na zuciya. Kowanne yana bukatar sharuɗɗa uku kafin ya auku, wato abin da za a riska, gaɓar da za ta riska, da sanin da ya gabace shi nan take. Mazhabar Yogachara ta Asanga da Vasubandhu ta ƙara biyu suka zama takwas: gurɓatacciyar zuciya mai riƙon "ni", da alayavijnana, rumbun da ke ajiye irin ayyuka har su tsiro. An kawo rumbun ne don amsa tambayar me ke ɗaukar sakamakon aiki daga rayuwa zuwa rayuwa, ko lokacin suma da barci mai nauyi, alhali babu rai tabbatacce. Geluk tana karanta rabon takwas amma ta tsaya a kan shida.

Kowane sani yana zuwa da halayen da ke rakiyarsa, kamar ji, niyya, mai da hankali, fushi ko kunya. Lissafin da ake koyarwa a Tibet 51 ne, Abhidharmakosha na Vasubandhu yana da 46, mazhabar Theravada kuma tana lissafa 52 tare da nau'o'in zuciya 89, ko 121 a lissafi mai faɗi.

Rabon da ya fi alaƙa da muhawara shi ne na gida bakwai, kuma an fi fahimtarsa idan aka bi shi daga ƙasa zuwa sama. A ƙasa akwai sani karkatacce, kamar mai ganin wata biyu a sama, ko mai ƙudurce cewa sauti dawwamamme ne. Sama da shi shakka, wadda ita ma iri uku ce: mai karkata ga kuskure, mai tsayawa tsakiya, da mai karkata ga daidai. Sai zato mai dacewa, inda mutum ya riƙe gaskiya amma don ya ji an faɗa, ko bisa dalilin da bai tantance ba. Sai sani ta hanyar dalili, wanda ba ya girgiza domin sharuɗɗa ukun nan sun tabbata a zuciyar mai shi. Sai sani na biye, wato ci gaba da riƙe abin da aka riga aka sani. A sama akwai tsinkaye kai tsaye, wanda Dharmakirti ya kasa huɗu: na gaɓoɓi, na zuciya, na sanin da ke riskar kansa, da na mai zurfin tunani wanda ya maimaita abin da dalili ya nuna masa har ya gan shi a sarari. Na bakwai yana gefe: abin da ya bayyana amma ba a tantance shi ba, kamar sautin da ya shiga kunnen wanda hankalinsa ya tafi ga kallo.

A nan ne muhawara ta sami gurbinta. Wanda ya kafe a kan kuskure ba a fara ba shi hujja kai tsaye, domin ba zai karɓa ba. Ana nuna masa ne abin da maganarsa ta lizimta har taurin ya karye ya faɗa cikin shakka, kuma sai ya kai nan ne ake ɗaukarsa wanda ya cancanci a kawo masa cikakkiyar hujja. Malamai suna yawan gargaɗi cewa akasarin abin da ɗalibi yake ji ya sani zato ne mai dacewa kawai, kuma filin muhawara ne ke tona hakan.

Wuraren saɓani

Sakya Pandita bai yarda da rabon bakwai ba. Ya mai da sanin da ba ingantacce ba gida uku, rashin riska, karkata, da shakka. Sanin da ke riskar kansa ma abin jayayya ne: Dignaga da Dharmakirti sun tabbatar da shi, Chandrakirti da Shantideva sun kore shi da misalin takobin da ba ya yanka kansa, Tsongkhapa ya bi su, Mipham (1846–1912) na ɗariƙar Nyingma kuma ya karɓe shi a matakin mu'amalar yau da kullum. Geluk da Sakya sun saɓa a kan ko jinsi yana da wata hakika. Makarantun Nyingma da Kagyu sun fi ba sharhin nassi muhimmanci a kan muhawara, kuma akwai masu sukar cewa muhawarar Geluk ba ta cika fita daga iyakar littattafan kowace makaranta ba.

Halin da ake ciki

A shekarun 1930 Rahul Sankrityayan ya gano rubuce-rubucen Sanskrit na Dharmakirti da masu sharhinsa a gidajen zuhudun Tibet, abin da ya farfaɗo da binciken fannin a Turai, Indiya da Japan. Dalai Lama na 14 ya yi jarrabawar lharampa a Lhasa a farkon 1959, gab da gudun hijirarsa. An sake kafa Ganden da Drepung a Mundgod, Sera kuma a Bylakuppe, duka a jihar Karnataka ta Indiya. Georges Dreyfus ya zama Bature na farko da ya sami lharampa a 1985, kuma a Disambar 2016 mata 'yan zuhudu 20 suka karɓi digirin geshema, wato geshe na mata, a Mundgod.